Irin da Na Ƙi Shukawa a Suki

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsince ni da furfura a ka, bai kuwa ce na makara ba. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Rifkatu, taso ki tsaya kusa da ni ki riƙa juya wa 'yan'uwa da Larabci. Kada ki rage komai wai don ki rufa mini asiri. Yanzu kunnena ya fara kama Larabcin nan, in kika tsallake wani wuri zan sani.

Sunana Ladi. Masu sayen ƙosai a tashar jirgin ƙasa ta Suki Hajja suke ce mini, ko da yake ko bakin teku ban taɓa zuwa ba. A ƙasar nan kowace tsohuwa Hajja ce. Na tsaya gabanku yau in faɗi yadda Ubangiji ya raba ni da wani ciwo wanda ba a kai shi asibiti, wato ciwon gida. Fiye da shekara ashirin yana cin raina, kuma saura ƙiris in hallaka ɗana da shi.

Ni 'yar ƙasar Katsina ce, daga wani ƙauyen Maguzawa. Ina yarinya innata ta yi ciwon ido, na yi mata jagora zuwa wani ɗakin shan magani na masu bi, muka yi wata biyu a can. Kullum da safe kafin a ɗiga magani sai a yi waƙa, a karanta Maganar Allah. A nan na fara jin sunan Yesu, ya kuwa shiga raina. Amma da muka koma ƙauye babu wanda ya ƙara gaya mini komai, sai abin ya kwanta. Waƙa ɗaya ce kawai ta rage mini, nakan yi ta a hanci in ina daka.

Na girma na auri Tanko. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Bayan aurenmu ya musulunta, sai ransa ya ƙwallafa a kan ya tafi gabas ya sauke farali. Ya ce mini, "Shekara uku, Ladi, mu je mu dawo." Na ce masa ƙafata ƙafarka.

Ranar da za mu tashi innata ta ja ni bayan rumbu ta ba ni wani ɗan gora, ta like bakinsa da kakin zuma. Iri ne a ciki: kuɓewa, yakuwa, barkono da ɗan gero, ta gauraya su da toka saboda ƙwari. Ta ce, "Duk inda kika sauke kaya kika ce nan ne gida, ki shuka. Ba na so ki riƙa cin miyar aro."

Hanyar kun san ta, ko kun ji labarinta. Ƙafa, jaki, wani lokaci bayan lori. A tsaya a yi ƙodago a gonar wani, a sami guzuri, a ƙara gaba. A gefen hanya na haifi ɗana, bayan mun shigo ƙasar nan ta yamma. Ɗan fari ne, don haka kun san ba zan kama sunansa ba. Ɗanhanya muke ce masa, shi ke nan kuma Allah ya ba ni.

Daga ƙarshe muka sauka a wani ƙauye kusa da Suki, a bakin kogi, Hausawa zalla. Sun karɓe mu hannu biyu, wannan ba zan ɓoye ba. Suka ba mu fili, suka taya Tanko kafa bukka. Amma akwai wata al'ada ta mutanenmu a can wadda ku ba lallai ku san ta ba. Za ka ga tsoho ya yi shekara arba'in a garin, 'ya'yansa da jikokinsa duk nan aka haife su, ka ce masa, "Baba, nan ne gida?" Sai ya ce, "A'a, bisa hanya muke." Saboda haka da yawa ba sa ginin laka. Bukkar ciyawa ce, ta ruɓe a sake wata, don wanda yake kan hanya ba ya kafa bango.

Su gabas suke jira. Ni kuwa yamma nake jira, na kuma fi su tsanani.

Kowace shekara Tanko yana zuwa Jazira cirar auduga, kowace shekara kuma wani abu ya taso ya cinye guzurin. Shekara uku ta zama bakwai. Shekarar da Turawa suka bar ƙasar nan zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya gama da shi. Ina riƙe da kansa ya dubi yaron, ya dube ni, ya ce, "Ladi, ki riƙe shi da kyau, ya zama mutum." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga ranar na ɗaura gaba da ƙasar nan. Na ce ita ta cinye mini miji. Na ƙi koyon Larabci in ban da gaisuwa. Kisra, gurasar dawarsu mai fele-fele, na ce takarda ce, ba abinci ba. Gadon igiya da kowa yake kwana a kai na ƙi saya, na ce wa zai ɗauke shi ranar tafiya? Kwanonin aurena suna ɗaure cikin zane, ban taɓa kwance su ba. Goran innata kuwa na rataye shi a tsakiyar bukka, ina kwanciya ina kallonsa.

Duk damina mata suna shuka kuɓewa a bayan bukkokinsu. Maƙwabciyata Hajja Kulu takan ce, "Ladi, ba ni ko ƙwara biyar in shuka, mu ga kuɓewar Katsinan ga da kike cika mu da labarinta." In ce mata a'a. A tunanina, ranar da na fasa goran nan na yarda ke nan cewa nan ne gida. Ko barkono ɗaya ban dasa ba. Innata ta ce kada in ci miyar aro, ni kuwa na yi shekara ashirin ina cinta, ina kuma ganin biyayya nake mata!

Yanzu ga abin kunyar. Rifkatu, ki juya shi yadda yake.

Ɗanhanya yana da kamar shekara goma ya shigo wata rana da gudu, yana rera waƙar Larabci, ya ce mini, "Yumma!" Haka yaran ƙasar nan suke kiran uwa. Sai na ji kamar an ƙwace mini shi ina kallo. Na finciko shi na ce, "Ni ba Yumma ba ce, Inna nake. Kuma ka saurara. Ubanka da bakinsa ya bar wasiyya, ya ce in mai da kai gida, kada ka kafa komai a ƙasar nan."

Ƙarya ce, 'yan'uwa! Tanko bai faɗa ba. Ni na sa magana a bakin mamaci, don na san yaro zai iya musu da ni amma ba zai yi musu da kabari ba. Na yi ta maimaita ta shekara da shekaru, har ni kaina na fara jin kamar na ji ta da kunnena.

Yaro ya girma, ya zama mutum mai haƙuri irin ubansa. Da gwamnati ta buɗe sabon aikin noma a Suki, aka haƙa manyan hanyoyin ruwa da suke kira tur'a, yana cikin masu haƙa. Da aka zo rabon hawasha, wato gonar da ake ba mutum ya noma auduga da gyaɗa, dattawan ƙauye suka tsaya masa har sunansa ya fito. Ɗan baƙo maraya ya sami gona tasa! Gari duk ana yi mini barka, ni kuwa kamar an yi mini mutuwa.

Sai kuma ga maganar aure. Batulu, 'yar Malam Isa masunci. Yarinya mai kunya, amma Hausarta rabi Larabci ce, tuwo kuwa in ta tuƙa sai ka tausaya wa muciya. Malam Isa ya gindaya sharaɗi ɗaya. Gobara ta taɓa cinye bukkar babbar 'yarsa, don haka ya rantse ba zai ƙara kai ɗiya ɗakin ciyawa ba. Ya ce Ɗanhanya ya gina ɗakin laka kusa da hawasharsa kafin ruwan farko ya sauka. In damina ta faɗi babu ɗaki, akwai wani mai nema daga Sinja, shi za a ba.

Yaron bai gaya mini ba, ya san halina. A bakin Hajja Kulu na ji wai har bango ya kai gwiwa. Irin ginin nan ne da ake ɗora laka sahu-sahu, a bari ya sha iska a ƙara wani.

Na bar mai a kan wuta na tafi. Na iske shi da abokansa cikin laka, Malam Isa yana zaune a inuwa da wasu dattawa. Ko sallama ban yi ba. Na dafe ƙirjina da hannu biyu na ce, "In ka ƙara sahu ɗaya a kan bangon nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba! Ka manta wasiyyar ubanka?"

Malam Isa ya ce, "Hajja, ki ji tsoron Allah. Wanga yaro bai san wata ƙasa ba in ba wagga ba. Ina kike so ya tahi?"

Na ce, "Gida."

Ɗanhanya yana riƙe da curin laka. Ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye shi a hankali. Ya ce, "Halas, shi ke nan, Inna. Na bari."

Na koma ina jin na yi nasara. Na ce masa ya haɗa kaya. Ya ce, "Ba zan gina ba, tunda kin hana, Baba ma ya hana. Amma ba zan tafi ba. Ban san kowa a can ba." Ya daina cin abincin kirki. Da yamma in ya taso daga gona sai ya je ya zauna a kan guntun bangon nan har rana ta faɗi. Ina ganin yaro yana ramewa, amma zuciyata ta bushe.

Sai na yi wata dabara. Na ce zan tafi ni kaɗai, kunya za ta sa ya biyo ni. Na ɗauki ƙunshin kwanonina da gorana na zo nan Madani, na sauka a zangon da alhazai masu komawa yamma suke jiran lori.

A zangon na gamu da wata mata, sabuwar zuwa, daga garin da muke cin kasuwarsa. Na tambaye ta ƙauyenmu. Ta ce, "Wayyo, ai babu kowa a can yanzu. Rijiyoyi sun ƙafe, mutane sun watse." Na kama sunan innata. Ta ce, "Mai ciwon idon nan? Ta daɗe da rasuwa, ina jin ba ku yi nisa da tafiya ba."

'Yan'uwa, shekara ashirin ina shirya abin da zan gaya wa innata ranar da na shiga gida. Ashe duk lokacin nan tana ƙarƙashin ƙasa. Na kwanta a kan tabarma kwana uku, ruwa kaɗai nake sha. Gaba babu gida, baya na rushe na ɗana. Na roƙi mutuwa, ba ta zo ba.

Rana ta huɗu da safe na ji wata murya a bakin zango. Wata mai ƙosai ce tana waƙa a hanci. Waƙar nan ce! Wadda na koya ina yarinya a ɗakin shan magani. Na rarrafa na fita, na tsaya a kanta na kama waƙar daga inda take. Ta ɗago kai, ludayi ya kusa faɗo mata cikin mai. Ita ce wannan da take tsaye kusa da ni. Abin da na fara gaya mata kuwa shi ne ƙosanta ya sha mai da yawa, kuma har yau ban janye ba.

Rifkatu ta ɗauke ni ta kai ni gidanta. Mijinta, Malam Bulus, ga shi can zaune, makanike ne da ya biyo lorin yamma shekarun baya ya zauna a nan. Yana da Littafin Allah da Hausa. Kullum bayan shayin safe, kafin ya tafi gareji, yakan karanta kaɗan daga inda ya tsaya jiya. Na gaya wa Rifkatu na yi faɗa da ɗana a kan gini, amma maganar wasiyya ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya ya buɗe ya ce yau wasiƙa ce. Wani annabi ne ya rubuta wa mutanen Allah da aka kwashe aka kai wata ƙasa mai nisa, Babila. Suna zaune a bakin kogin baƙi, kayansu a ɗaure, suna jiran ranar komawa. Na gyara zama. Na ce a raina, yau ga 'yan'uwana, bari in ji yadda Allah zai yaba musu.

Sai na ji Allah yana ce musu su gina gidaje su zauna a ciki. Su dasa itatuwa su ci 'ya'yansu. Su yi wa 'ya'yansu aure su hayayyafa. Su nemi alherin garin da aka kai su, su yi masa addu'a, don zaman lafiyarsa shi ne nasu.

Na miƙe tsaye! Na ce, "Rifkatu, amana ke nan? Kin kwashe sirrina kin ba mijinki, ya zo yana yi mini habaici da Littafi?"

Malam Bulus ya ce, "Inna, wallahi inda na tsaya jiya ne. Ga tsinken da na sa." Ya nuna mini. Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Na ce, "To ci gaba, ai dole a ce wani abu game da komawa."

Ya ci gaba. Abin da ya biyo baya shi ne ya karya ni. Allah ya gargaɗe su game da waɗansu a cikinsu masu cewa an ba su saƙo, alhali ba a aike su ba. Suna faɗin mafarkin ransu, suna liƙa shi a bakin wanda bai faɗa ba, suna hana mutane zama.

Ina ta neman kaina a cikin bayin da aka zalunta, ashe wurina yana cikin maƙaryatan. Shekara ashirin ina ganin kaina mai riƙon amana, mai haƙuri, wadda ƙasa ta cuta. Safiya ɗaya Maganar Allah ta nuna mini Ladi yadda take: mace mai tsoro, wadda ta ɗaure ɗanta da ƙarya don kada a bar ta ita kaɗai.

Na durƙusa a tsakar gidan nan, kusa da murhu, rana tana dukana. Ban iya addu'a ba, ban san yadda ake farawa ba. Na ce, "Yesu, ni ce yarinyar nan da ta ja innarta zuwa shan magani. Na san ka kaɗan, na bar ka. Na yi wa mijina ƙarya yana kabari, na yi wa ɗana baki. In kana karɓar irina, ga ni." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Tanko. Da na ɗago, nauyin da yake danne ƙirjina tun shekarun nan babu shi. Ya karɓe ni! Halleluya!

Nan take na ce Rifkatu ta miƙo mini wuƙa. Na kankare kakin na buɗe goran. Na zazzage a tafin hannuna. Gari ne, 'yan'uwa. Toka da ɓawo da busassun ƙwari. Ko ƙwaya ɗaya mai rai babu. Innata ta ba ni abinci, ni na mai da shi abin rataya.

Kafin in tafi Malam Bulus ya karanta mini wani wuri kuma, inda aka ce masu bangaskiya na dā sun yarda su baƙi ne a duniya, amma garin da suke nema yana gabansu, Allah ne ya shirya shi, ba wanda suka baro ba. Sai komai ya zauna mini daidai. Tsofaffinmu na Suki ba su yi kuskure ba da suka ce bisa hanya muke. Amma wanda ya san inda za shi ba ya tsoron dasa itace a inda ya yada zango. Ni da ban san inda za ni ba, ni ce na kasa dasa ko barkono.

Rifkatu ta ce in ƙara kwana biyu in ji ƙarfi. Na dubi sama, gajimare ya fara haɗuwa ta kudu. Na ce ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba.

Da na isa ban shiga bukkata ba. Na bi gida-gida. Na je wurin Malam Isa, na je wurin dattawan nan, na nemo samarin da suke cikin laka ran nan. Na ce duk wanda ya ji ni ranar, ya zo ya ji ni yau. A gaban mutane na yi ɓarna, a gabansu zan gyara.

Muka taru a bakin guntun bangon. Ɗanhanya ya zo daga gona da fartanya a kafaɗa. Na ce, "Bakin da na yi maka na janye. Na yafe maka nono, duniya da lahira, dama ba ka yi mini laifin komai ba. Sannan wasiyyar da nake gaya maka tun kana yaro, ubanka bai yi ta ba. Ni na ƙirƙira."

Wani dattijo ya yi salati. Hajja Kulu ta rufe baki da gyale. Ɗanhanya ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "To mi Baba yac ce?"

Na ce, "Ya ce in riƙe ka da kyau, ka zama mutum."

Kada ku zaci ya rungume ni. Bai yi ba. Ya ajiye fartanya ya juya ya tafi bakin tur'a ya zauna, ya ba mu baya. Yana da gaskiya. Tun yana ɗan shekara goma yake ɗauke da laifin da ba nasa ba, yana ganin duk abin da ransa yake so saɓa wa ubansa ne.

Mutane suka fara zamewa. Ni kuwa na ɗaure zanena a gwiwa, na ɗebo ruwa na zuba a ramin laka, na shiga da ƙafafuna na fara cuɗawa. Malam Isa ya ce, "Hajja, wanga ba aikin mata ba ne." Na ce, "Malam, rushewar ma ba aikin mata ba ce, amma na yi ta." Na ciro goran na juye garin irin nan duka a cikin lakar, na tattake shi. Bai tsiro a ƙasa ba, to ya zauna a bangon jikan mai shi.

Washegari samarin suka dawo. Rana ta uku Ɗanhanya ya zo ya kama aiki, amma bai ce mini uffan ba. Ni ina cuɗa laka, shi yana ɗorawa. Ƙafafuna suka tsage, bayana ya riƙe, kullum muna kallon sama. Duk safiya nakan ce, "Yesu, riƙe ruwan nan, ka kuma riƙe ni." Na ƙudurta ko yaron nan ba zai ƙara yi mini magana ba har in mutu, sai na ga rufi a kan ɗakin nan.

Aka yi rufi, aka yaɓe. Kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Malam Isa ya cika alkawari, aka ɗaura aure. Kwanonin nan da suka yi shekara ashirin a ɗaure na kwance su na jera wa Batulu a ɗakinta.

Bayan biki na zaunar da ɗana na gaya masa wanda ya sa na dawo. Na ce Yesu nake bi yanzu, kuma ba zan ɓoye ba, na gaji da ɓoye-ɓoye. Shi musulmi ne kamar ubansa, har gobe. Ya daɗe yana kallon ƙasa. A ƙauye ma abin bai zo da sauƙi ba. Waɗansu sun daina sayen ƙosaina, waɗansu sun daina amsa gaisuwata, abin kuma yana mini zafi, ba zan ce ba ya yi ba. Hajja Kulu dai ta ce ita da ni sai mutuwa, ko da yake kullum sai ta yi mini wa'azi. Ni ma ina yi mata nawa.

Ɗanhanya ya yi kusan wata biyu maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Ran nan da hantsi ina tsugune a bayan sabon ɗakin, ina haƙa rami. Uwar Batulu ce ta ba ni dashen lemun tsami, Batulu kuma ta ba ni irin kuɓewar ƙasar nan. Sai na ji tsayuwar mutum a bayana. Ya ce, "Yumma, ramin ga bai yi zurhi ba. Kawo in ƙara miki."

Yumma. Sunan da na hana shi kira na da shi yana yaro. Na ce, "Na'am." Na miƙa masa fartanyar, na juya fuska don kada ya ga hawayena.

Lemun nan yanzu ya fi ni tsawo. Bana ya fara 'ya'ya, guda bakwai, na ƙirga su kamar jikoki. Batulu tana koya mini Larabci tana dariya, ni ina koya mata tuwo ina haƙuri. Kowace safiya ina yi wa Suki addu'a da sunanta, ƙasar da na yi shekara da shekaru ina zagi. Mijina yana kwance a cikinta, ni ma a cikinta za a sa ni, kuma ba na jin tsoro, don na san inda zan tashi.

Na san yawancinku ba a nan aka binne cibiyarku ba. Wasu daga duwatsu kuka zo, wasu daga kudu, yaƙi ko yunwa ta koro ku. Ban ce ku manta gida ba, ni ma ban manta ba. Amma ina roƙonku, in akwai wani gora da kuka rataye kuna jiran wata rana, ku sauke shi tun irin yana da rai. In akwai wanda kuka ɗaure da maganar da ba gaskiya ba, ku je ku kwance shi tun kafin ruwa ya sauka. Ku bar Maganar Allah ta nuna muku kanku, ko da abin da za ku gani ba zai yi daɗi ba. Wanda ya nuna muku ciwon shi ne zai warkar da shi. Ku dogara gare shi!

Godiya ta tabbata ga Yesu, wanda ya ba tsohuwa gida bayan ta rasa na baya, ya kuma mayar mata da ɗanta. Rifkatu, zauna, kin yi ƙoƙari. Ni zan kama lorin azahar, akwai lemun da yake jiran ruwa.

Amin.